Ganawar Shiga Jami'a A Amurka: Ɗan Gado Ya Ambaci Ubansa Ko Ya Yi Shiru?

Daga Wakilinmu

A KOWACE shekara, tun daga watan Nuwamba har zuwa wajen ƙarshen Fabrairu, dubban samari da 'yan mata masu neman shiga manyan jami'o'in Amurka sukan sami saƙo daga wani mutum da ba su taɓa gani ba, yana shaida musu cewa shi tsohon ɗalibin jami'ar ne, an kuwa wakilta shi ya gana da su. Wannan mutum ba ma'aikacin jami'ar ba ne, ba a kuma biyansa ko anini. Yana iya zama likita, ko lauya, ko injiniya, ko wata dattijuwa da ta huta daga aikin koyarwa. Sukan haɗu a shagon shan gahawa, ko a ɗakin karatu na gari, ko kuwa ta waya mai nuna hoto, su tattauna kamar na rabin awa zuwa awa guda. Bayan sun rabu sai mutumin ya zauna ya rubuta rahoto a kan yaron, ya aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai.

Daga cikin waɗannan yara akwai wasu da ke zuwa wurin ganawar da wata tambaya a zuci, wadda iyaye da malamai masu ba da shawara suka daɗe suna gardama a kanta. Tambayar ita ce: idan uban yaro ko uwarsa a wannan jami'ar suka yi karatu, ya kamata ya faɗa wa mai ganawa da shi, ko kuwa ya kama bakinsa? Amurkawa suna da suna na musamman da suke kiran irin wannan yaro da shi. Mu a nan sai mu kira shi ɗan gado, tun da yake abin da sunan nasu ke nufi ke nan. Tambayar ƙarama ce a ido, amma wanda ya bi sawunta zai tarar ta kai shi har Kotun Ƙolin Amurka da majalisun dokoki na jihohi, ta kuma mai da shi baya shekara ɗari.

Mai karatu da ya saba da tsarin Nijeriya, inda hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ke shirya wa kowa jarrabawa ɗaya, sai ya ajiye wannan a gefe tukuna. A Amurka babu wata hukuma ta ƙasa da ke raba ɗalibai ga jami'o'i. Kowace jami'a ita ke zaɓen nata, kuma manyan da ba na gwamnati ba, irin su Harvard da Yale da Princeton, ba makin jarrabawa kaɗai suke dubawa ba. Suna duba wasiƙun malaman yaro, da insha'in da ya rubuta a kan rayuwarsa, da wasannin da yake yi, da hidimar da ya yi wa jama'a, da kuma rahoton wannan ganawa da muke magana a kai. A 2024 mutum 54,008 suka nemi shiga Harvard, aka ɗauki 1,937, watau bai kai huɗu daga cikin kowane ɗari ba. Masu makin da ya isa sun ninka wuraren da ake da su sau da yawa, saboda haka ɗan abu kaɗan yana iya rinjayar da ma'auni.

Wani zai ce, to ina ruwan duniya da wanda ya shiga Harvard ko Yale? Amsar tana cikin wani bincike da masana tattalin arziki uku, Raj Chetty da David Deming da John Friedman, suka fitar a 2023. Sun duba jami'o'i 12, watau takwas ɗin nan da ake kira Ivy League, da Stanford, da MIT, da Duke, da Chicago. Amurkawan da ke karatu a cikinsu ba su kai rabin kashi ɗaya daga cikin 100 ba, amma daga cikinsu ne aka sami rubu'in 'yan Majalisar Dattawan ƙasar, da kashi uku cikin huɗu na alƙalan Kotun Ƙoli da aka naɗa a shekara 50 da suka gabaci binciken. Ƙofar waɗannan jami'o'i dai ƙofar mulki ce, mulkin Amurka kuwa ba Amurkawa kaɗai yake shafa ba.

ABIN DA SHARI'A TA TONA

Shekara da shekaru jami'o'in nan suna cewa gado ba ya yin wani tasiri sai in an yi kunnen doki tsakanin yara biyu, ba kuwa mai iya ƙaryata su domin takardunsu a rufe suke. Abin da ya buɗe su shi ne ƙarar da wata ƙungiya mai suna Students for Fair Admissions, a ƙarƙashin jagorancin Edward Blum, ta kai Harvard a 2014, tana zarginta da danne yara 'yan asalin Asiya. Ƙarar ba a kan gado aka kai ta ba, amma tun kafin a zauna sauraronta a birnin Boston cikin watan Oktoba na 2018, tilas jami'ar ta miƙa bayanan waɗanda suka nemi shiga cikin shekara shida. A nan ne aka ga cewa daga cikin kowane 'yan gado 100 da suka nema an ɗauki kimanin 33, alhali kuwa daga cikin sauran jama'a kimanin shida kawai aka ɗauka.

Farfesa Peter Arcidiacono na Jami'ar Duke, wanda ya ba da shaida a ɓangaren masu ƙara, shi da abokan aikinsa biyu sun ƙara tankaɗe waɗannan alƙaluma a 2019. Suka tarar cewa kashi 43 daga cikin 100 na fararen fata da Harvard ta ɗauka sun fito ne daga rukuni huɗu masu gata: 'yan wasan da jami'ar ta nemo da kanta, da 'yan gado, da 'ya'yan malamai da ma'aikatanta, da kuma waɗanda sunayensu ke cikin wani jeri na musamman da shugaban ofishin ɗaukar ɗalibai ke riƙe da shi, wanda ya ƙunshi dangin masu ba jami'ar gudummawa. A wajen baƙaƙen fata da 'yan asalin Asiya da 'yan asalin Latin Amurka kuwa, adadin bai kai kashi 16 ba. Sun kuma ƙiyasta cewa uku daga cikin kowane huɗu na waɗancan fararen fata masu gata da ba a ɗauke su ba in da babu gatan. Hausawa dai sun ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.

Sai dai a yi wa 'yan gadon adalci. Ɗan wanda ya yi Harvard yakan tashi a gida mai littattafai, ya yi makaranta mai kyau, saboda haka ba abin mamaki ba ne ya fi wasu maki, tun da barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan ita ce hujjar da jami'o'in ke kafawa. Chetty da abokansa suka gwada ta ta wata hanya mai sauƙi. Suka ce, in dai ƙwazon yaron ne ke shigar da shi, to ya kamata sauran manyan jami'o'in da ubansa bai yi ba su ma su yi rububinsa. Da suka duba sai suka ga ba haka abin yake ba. A jami'ar da iyayensa suka yi, damar ɗan gado ta ninka ta mai maki daidai da nasa kusan sau huɗu, amma a sauran jami'o'in da ƙyar ya ɗara kowa. Ashe yawancin fifikon ba a jikin yaron yake ba, a jikin sunan jami'ar da ke rubuce a takardar shaidar ubansa yake.

Akwai wani abu kuma da shari'ar ta tona, wanda jaridu da yawa suka wuce shi da sauri, ga shi kuwa shi ne ya fi shafar maganarmu. Harvard tana ba kowane mai nema maki a fannoni da dama, ciki har da wanda take kira makin hali, watau kirki da jaruntaka da iya zama da mutane. Mutum biyu ke ba da wannan maki: ma'aikacin ofis wanda yawanci takardu kawai ya karanta, da tsohon ɗalibi wanda ya zauna da yaron ido da ido. Alƙaluman sun nuna cewa ma'aikatan ofis sun ba 'yan asalin Asiya makin hali ƙasa da na fararen fata, amma tsofaffin ɗaliban da suka gan su sun ba su maki kusan daidai da na fararen. Alƙaliya Allison Burroughs ta yanke hukunci a 2019 cewa Harvard ba ta yi wariya da gangan ba, duk da haka waɗannan alƙaluma suna nan a rubuce. Darasin da ke ciki shi ne, teburin ganawa ya fi ofis adalci, aƙalla a wannan fanni, kuma gatan da ake ba ɗan gado a ofis ake ba shi, ba a shagon gahawa ba.

Shari'ar ta ƙare a Kotun Ƙoli ran 29 ga watan Yuni, 2023, inda kotun ta haramta wa jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai. Ba ta taɓa gado ba domin ba shi aka kai gabanta ba, ko da yake Mai Shari'a Neil Gorsuch ya yi wa Harvard gori a kansa cikin bayanin da ya rubuta na kansa. Daga ranar sai mutane suka fara tambaya, in an hana taimaka wa jikan bawa saboda tarihin gidansu, da wane dalili za a ci gaba da taimaka wa ɗan attajiri saboda tarihin nasa gidan? Ba a yi mako guda ba wasu ƙungiyoyi a Boston suka kai kuka Ma'aikatar Ilmi ta tarayya a kan Harvard, ma'aikatar kuma ta buɗe bincike cikin watan Yuli na shekarar.

TUSHENSU ƊAYA

Wanda ya duba tarihi zai ga ganawar da gadon uwa ɗaya ta haife su. Kafin shekarun 1920, duk wanda ya ci jarrabawar shiga, ya kuma iya biyan kuɗin makaranta, to ya shiga Harvard ko Yale. Da 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura daga gabashin Turai suka fara cin jarrabawar da yawa, har suka zarce kashi 20 daga cikin 100 na sababbin ɗaliban Harvard a 1922, sai hankalin shugaban jami'ar, A. Lawrence Lowell, ya tashi. Ya nemi a ƙayyade yawansu a fili, aka ƙi amincewa. Sai aka bi ta bayan gida. Aka ƙayyade yawan ɗaliban da za a ɗauka a shekara, aka ce daga yanzu za a duba hali da ɗabi'a ba maki kaɗai ba, aka shiga neman hoto da wasiƙun shaida da ganawa. Fam ɗin neman shiga ya riƙa tambayar addinin yaro, da inda aka haifi ubansa, da ko an taɓa sake sunan gidansu. A Yale kuwa, a 1925 aka tsai da shawara cewa ƙayyade yawan ɗalibai ba zai hana ɗan tsohon ɗalibi shiga ba muddin ya cika sharuɗɗa. Masanin zamantakewa Jerome Karabel ya bi diddigin wannan duka cikin littafinsa The Chosen, wanda ya fito a 2005.

Ke nan an ƙago ganawa don a gane wanda ba a so, an kuma ƙago gado don a kare wanda ake so. Da tafiya ta yi nisa ganawar ta sake hali, domin masu yin ta sun sake. Yale da Princeton sun fara ɗaukar mata a 1969, baƙaƙen fata da 'ya'yan talakawa da 'yan ƙasashen waje suka shiga suka fita, su ne kuwa da yawa daga cikin masu ganawa da yara a yau. Gado shi ne ya tsaya a inda aka bar shi.

Jami'o'in ba su ɓoye dalilinsu na riƙe shi ba. Wani kwamiti na shugabannin Harvard ya rubuta a 2018 cewa fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai yana ƙarfafa zumunci tsakanin jami'a da waɗanda ta yaye, su ne kuwa ke ba ta kuɗi, su ne ke yi mata hidima kyauta. Cikin hidimar har da ita wannan ganawa. Watau dai, in an faɗi gaskiya, gado wani ɓangare ne na ladan mai ganawa. Batun kuɗin kuwa akwai ja a kansa. Wani bincike da aka buga a 2010 cikin littafin da Richard Kahlenberg ya tsara ya duba manyan jami'o'i 100, bai sami shaidar cewa fifita 'yan gado shi ke ƙara yawan gudummawa ba. MIT ba ta duba gado, ba ta kuwa talauce ba. Ita Harvard ɗin ma, dukiyar da ta tara a asusunta ta haura dala miliyan dubu 53 a 2024, da wuya a ce yunwa take tsoro.

TO, YA FAƊA KO YA YI SHIRU?

Abu na farko da ya kamata yaro da iyayensa su sani shi ne, jami'ar ta riga ta sani. Fam ɗin da ake kira Common Application, wanda jami'o'i fiye da 1,000 ke karɓa, yana da wurin da ake rubuta makarantun da uwa da uba suka yi da shaidar da suka samu, ofishin kuma yana da rajistar tsofaffin ɗalibansa. Duk wani gata da za a ba yaro saboda ubansa, an riga an ɗora masa shi a kan fayil tun kafin ya sa takalmi ya tafi wurin ganawa. Faɗa wa mai ganawa ba zai ƙara masa ko ƙwayar zarra a wannan ma'auni ba.

Shi mai ganawar kuwa, a yawancin jami'o'in ba a ba shi fayil ɗin. Sunan yaro da makarantarsa da yadda za a same shi, kusan iyakar abin da yake da shi ke nan. Da gangan aka yi haka, don a sami ido ɗaya da zai ga yaron ba tare da takardunsa ba. Saboda wannan dalili ne ma jami'o'i da yawa sukan nemi tsohon ɗalibi ya janye daga aikin a shekarar da ɗansa ke neman shiga, ba sa kuma yarda ya gana da yaron da ya sani. Yaron da ya zauna ya buɗe baki da cewa ubansa ɗan ajin shekara kaza ne, ya shigo da abin da aka tsara zaman don a bar shi a waje, ya kuma kashe mintinsa masu tsada a kan tarihin wani.

Bayan haka, bai san wanda ke zaune a gabansa ba. Mai yiwuwa ne mutumin shi ne na farko da ya taɓa shiga jami'a a zuriyarsu, ya yi karatunsa da tallafi yana wanke kwanuka a ɗakin cin abinci. Mai yiwuwa ne kuma, wannan ma ya fi ciwo, nasa ɗan ne aka ƙi ɗauka bara. A tuna fa, in an ɗauki ɗaya daga cikin 'yan gado uku, to an mai da biyu gida, iyayen biyun nan kuwa suna cikin masu ganawa. Jama'ar gari ma ba su tare da al'adar: a ƙuri'ar jin ra'ayi da cibiyar Pew ta yi a 2022, kashi 75 daga cikin 100 na Amurkawa sun ce bai kamata a duba ko dangin yaro sun yi makarantar ba.

Masu cewa a faɗa su ma suna da hujja, ba kuwa ta banza ba ce. Jami'o'i suna son ɗaukar wanda in an ba shi wuri zai zo, ba wanda zai tafi wata jami'ar ba, kuma yaron da ya tashi da labarin makarantar a gidansu ya fi kusa da zuwa. Sa'an nan akwai tambayar da ba a rasa ta a kowace ganawa, watau me ya sa kake son wannan jami'a. In gaskiyar amsar ita ce uwarsa ta riƙa kai shi harabar tun yana ƙarami, to ɓoye wannan ya zama wani nau'i na ƙarya, mai ganawar da ya ƙware kuwa yakan ji ƙanshin amsar da aka haddace.

A ganinmu hanyar a miƙe take. Kada yaro ya fara da maganar, kada kuma ya musa ta. In an tambaye shi yadda ya san jami'ar, ko inda iyayensa suka yi karatu, ya faɗa a jimla ɗaya, ya wuce zuwa abin da shi ya gani da idonsa: wane darasi, wane ɗakin gwaji, wane malami ne ya karanta aikinsa. Bambancin yana tsakanin mai ba da labarin yadda ya san gida da mai neman a buɗe masa ƙofa don ubansa ya taɓa kwana a ciki. A da can ba a jin kunyar na biyun. Takardar neman shiga Harvard da John F. Kennedy ya cika a 1935 tana nan a ajiye, kuma cikin 'yan layukan da ya rubuta na dalilinsa har da cewa yana so ya yi makarantar da ubansa ya yi. An ɗauke shi. Amma a zamanin nan duk malamin da ya ga ɗalibinsa ya rubuta haka zai sa shi ya sake. Shi kansa George W. Bush, wanda ya gama Yale a 1968 bayan ubansa a 1948 da kakansa a 1917, ya faɗa a 2004, yana kan kujerar shugaban ƙasa, cewa ya kamata a bar wannan al'ada.

Ya kamata kuma yaro ya san ko shi ɗan gado ne a idon jami'ar, domin ba duka suka yi daidai ba. A Harvard sai wanda uwa ko uba suka yi digirin farko a can. Wasu jami'o'in sukan lissafa kaka, ko yaya da ƙane. A MIT, wadda tsofaffin ɗalibanta ke ganawa da yara kamar sauran, ambaton bai da wani amfani sam, sai dai a matsayin hira.

Maganar ta shafi namu yaran ta wata fuska dabam. A shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 ɗalibai 'yan Nijeriya 20,029 ne ke karatu a Amurka. Kaɗan ne daga cikinsu ke waɗannan jami'o'i 12, amma masu nema suna nan kowace shekara. Yaron da ya tashi a Kano ko Sakkwato ko Damagaram an hore shi cewa in babba ya tambaye shi ko shi wane ne, ya fara da gidansu, ɗan wane jikan wane, ya sunkuyar da kai, kada ya yabi kansa. Wannan ladabi ne a wurinmu. A wancan teburin kuwa abin da ake so a ji shi ne abin da yaron ya yi da hannunsa da abin da yake tunani, kuma ambaton muƙamin uba yana iya zama kamar alfahari a kunnen mai sauraro. Wanda bai da uban da zai ambata bai yi hasarar kome ba a wannan awa guda, domin ita ce wuri ɗaya a duk tsarin da shi da ɗan gado suke zama a kujera iri ɗaya.

Ta ɓangaren doka, iska tana kaɗawa ne a kan gado, amma a hankali. Jami'ar Johns Hopkins ta daina a 2014, ta kuma bayyana daga baya cewa tsakanin 2009 da 2019 'yan gado cikin sababbin ɗalibanta sun ragu daga kashi 12 da rabi zuwa uku da rabi, yayin da masu cancantar tallafin gwamnati na marasa ƙarfi suka tashi daga kashi tara zuwa 19. Kwalejin Amherst ta bi sahu a 2021, Wesleyan a 2023. Jihar Kolorado ta haramta shi a jami'o'in gwamnati a 2021, Bajiniya da Illinois suka yi haka a 2024, Maryland kuma a shekarar ta haɗa har da masu zaman kansu. Kalifoniya ta kafa tata dokar a kan jami'o'i masu zaman kansu a watan Satumba na 2024, ta fara aiki bayan shekara guda. Akwai masu kukan da ya kamata a saurara, watau baƙaƙen fata da sauran waɗanda iyayensu ba su sami shiga ba sai a shekarun 1970 da 1980, suna cewa sai da layi ya zo kan 'ya'yansu za a rufe taga. Kukan yana da ban tausayi, amma alƙaluman Harvard sun nuna ko su wane ne suka fi cin moriyar tagar.

Manyan kuwa ba su motsa ba. Da dokar Kalifoniya ta zo fara aiki a 2025, Stanford ta zaɓi ta fita daga shirin tallafin ɗalibai na jihar, ta biya kuɗin daga aljihunta, don ta ci gaba da duba gado. Abin da ke raguwa a maimakon haka shi ne ganawar. Jami'ar Chicago ta musanya ta a 2018 da ɗan faifan bidiyo na minti biyu da yaro zai ɗauka da kansa, Brown ma ta koma ga irin wannan bidiyo, Columbia kuma ta daina ganawar tsofaffin ɗalibai a 2023, da hujjar cewa masu nema sun yi yawan da ba za a iya ganin kowa ba. Ya zuwa ƙarshen 2024 babu ko ɗaya daga cikin jami'o'in Ivy League takwas da ta soke fifikon 'yan gado. Kwamitin da Brown ta kafa ya duba batun, a watan Maris na shekarar aka ɗage yanke shawara a kansa zuwa wani lokaci.